Kan Auta Ne Ma'aunina

Ni dai ba na son a ce mini "da sauƙi." Tun ranar da na yanke jiki na faɗi a shago, kan wata mata rabi a kitse rabi a tsefe, maganar da aka fi jifana da ita ke nan. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya saci kallon hannuna na dama da ke kwance a cinya kamar na aro, ya ce, "Ai da sauƙi sosai." Sauƙin me? Hannun da na yi shekara ashirin ina ci da mutum uku da shi, ga shi ko cokali ba ya riƙewa.

Shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo mini. Ƙafar ta dawo da wuri, bakin ma ya miƙe, har Auta ƙanwata tana cewa da ma bakin ne ya tsaya hannun ya dawo, da gida ya huta. Hannun ne ya ƙi. Ni kuwa kitso ne sana'ata, a shagon wata mata da kowa ke kira Madam, kuma kujerata ce ta bakin taga inda haske ya fi kyau. Da kujerar nan nake riƙe da gidanmu: ni, da Inna mahaifiyarmu, da Auta da ke karatun jinya ba ta gama ba. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Aurena kuma ya mutu tun ba a je ko'ina ba, ba sai mun shiga wannan ba.

Madam ta yi mini halacci, wannan ba zan ɓoye ba. Har gadon asibiti ta zo ta ce, "Kujerarki tana nan har ƙarshen shekara. Na sa wata ta riƙe miki." Wadda aka sa ɗin Doguwa ake ce mata. Hannunta da sauri, ba ta gulma, ba ta ɗaga kai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan don na rasa ta inda zan zage ta.

A asibitin akwai wani mai koyar da motsa gaɓoɓi, na sa masa suna Malam Matsa, saboda karatunsa kullum ɗaya ne: matsa ƙwallo, saki, sake matsawa. Wata rana ya gaji da ƙorafina ya jawo kujera ya zauna.

"Hajiya, ki daina cewa kina so ki warke, kowa ma yana so," ya ce. "Ki faɗi abu ɗaya da kike so hannun nan ya yi, ki sa masa lokaci, sannan ki samo abin da zai riƙa nuna miki ko matsowa kike yi ko tsaye kike. Jin jiki yana ƙarya. Ƴan dubiya kuwa ba a magana."

Na ce yau dai ka faɗi ta hankali. Ya miƙo mini wata takarda mai gida-gida wai in riƙa cikewa, na mayar masa da abarsa, na ce ni ba ƴar makaranta ba ce. Ina da ma'aunina. Duk mai kitso ta san cewa ranar da aka yi shi kowane kitso kyau gare shi, mai ya sa yana ta ƙyalli. Sai an kwana a kansa, an yi wanka, an ɗaura ɗankwali an kwance, sannan ake sanin hannun da ya kama shi. Nawa a da yakan yi sati uku ko gashi ɗaya bai tashi ba.

Na yanka wa kaina buri a gabansa: kafin shekara ta ƙare, in yi kitson zane, wanda ake jerawa daga goshi zuwa ƙeya, ya yi sati biyu a kan mutum. Wurin gwaji kuma kan Auta ne, ko ta so ko ta ƙi. Kowace safiya kafin ta fita makaranta sai ta durƙusa ta cire ɗankwali, in duba, in ɗauki hoto da waya.

Na farkon, Allah ya sauwaƙe. Yatsun dama ba sa jin gashi, sai na ga sun riƙe, in na ɗauke ido sun saki. Dole na koya wa hagu ta shiga gaba, dama tana bin ta tana tallafawa. Tsagar ta tafi a karkace, gumi yana ɗiga a wuyan Auta. Tun hantsi muke abu ɗaya har rana ta juya. Kafin a kira magariba rabinsa ya zazzage da kansa, ba wanda ya taɓa shi.

Inna tana daga kan tabarmarta tana kallo. Ita ta koya mini kitson nan tun ina tsayawa a kan turmi in kai ga kan mutum, amma sanyin ƙashi ya daɗe da tanƙwara mata yatsu, ko maɓallin riga Auta ke sa mata. Ta ce, "Sannu-sannu ba ta hana zuwa." Na ce, "Sai dai a daɗe ba a je ba, Inna, ƙarasa maganar." 

Haka muka yi wata da watanni. In kitsa, ya warware. In kitsa, ya warware. Hotunan da ke wayata duk iri ɗaya ne, kai kamar kaza ta yi tono. Na daina fita ƙofar gida don kar in haɗu da matan da nake yi wa kitso, ɗankwalinsu a zame, aikin Doguwa yana leƙowa. Abinci ya fita raina. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke sa mutum ya zauna a banɗaki ya toshe baki da zani don kar a ji. Wata rana da na duba kan Auta na ga abin da na saba gani, sai na yi jifa da kibiyar tsaga ta bugi bango, na ce, "Wallahi in na gaba ma ya warware na bar shan maganin nan. Jinin ya hau ya ƙarasa ni, kowa ya huta." Ban faɗa don a ji tausayina ba, har zuciyata haka nake nufi.

Na gaban bai warware ba. Da safe Auta ta cire ɗankwali, na ga layukan suna nan, a karkace dai, gashi ya tashi nan da can, amma suna nan. Na sa ta juya hagu, ta juya dama. Na ɗauki hoto. A ranar na ci abinci na nemi ƙari.

Daga nan abu ya fara tafiya. Wanda ya biyo baya ya kwana uku. Wani ya kusa sati. Ba tsalle yake yi ba, a hankali yake hawa, yadda duk wani abin gaskiya yake hawa, shi ya sa ban taɓa kawo komai a raina ba. Na koma shan magani a kan lokaci, har da na rana wanda ke kwantar da ni barci bayan azahar. Ina kwance sai in yi ta jan hotunan da yatsa daga na farko zuwa na ƙarshe, ina murmushi ni kaɗai. Tsifa kuwa Auta ba ta taɓa bari na yi ba. "Yaya, ki adana ƙarfin hannun saboda kitson," take cewa, ta shige ɗaki ta tsefe abinta.

Na kai wa Malam Matsa hotunan ina taƙama. Ya duba ya duba, sannan ya ɗauko wani ƙarfe da ake damƙewa yana nuna ƙarfin hannu, ya ce in matsa. Na matsa har haƙorana suna ƙara. Ya kalli allurar ya ce, "Kin motsa, amma kaɗan. Abin da ke hoton nan da abin da ke hannun nan ba su yi daidai ba." Na yi masa dariya. Na ce ƙarfensa ya taɓa kitso? Ya ce bai taɓa ba, amma in bi a hankali. Na fito ina cewa a raina wasu mutane ba sa son ganin an tashi daga layinsu.

Lokacin da wani kitson ya haura kwana goma a kan Auta, sai labari ya iso ni cewa wani shago yana zawarcin Doguwa, ita kuma ta ce wa Madam a faɗa mata matsayinta, ko kujerar tata ce ko ta kama gabanta. A lokacin saura wata uku shekara ta ƙare. Na tashi na ɗauki mayafi.

Inna ta ce, "Ina zuwa?"

"Karɓo kujerata."

"Ki bari lokacin da aka ɗiba miki ya cika mana. Me ake ci da gaggawa?"

Auta ma ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu. "Yaya, ki ƙara ko wata ɗaya ne. Kaina ai laushi gare shi, ba kamar na mutane ba."

Na ce su biyun ba su taɓa yarda zan tashi ba, sun fi son su gan ni a zaune ana ba ni a baki. Magana ce mai zafi, na kuwa faɗe ta da gangan. Inna ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta kalli Auta, ta mayar ta rufe. Na ture ƙofa na fita.

Shagon yana nan yadda na bar shi, ƙamshin mai da na sabulu, na'urar busar da gashi tana ƙugi a lungu, Doguwa a bakin tagata. Madam ta rungume ni, ta ja ni gefe ta yi ƙasa da murya. "Kar ki damu da maganar da kika ji. Zan lallaɓa ta har ƙarshen shekara kamar yadda na yi miki alkawari. Ki je ki ci gaba da jinya."

Da na karɓi wannan na tafi gida, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ɗaga murya yadda duk shagon zai ji, na ce ba na son a riƙe yarinyar mutane a kan ƙila-wa-ƙala. Na ji Madam za ta tafi saro kaya, za ta yi kamar kwana goma. To ta zauna in yi mata kitso yanzu. In ta dawo yana nan, kujera tawa ce. In ya tashi, Doguwa ta riƙe har abada, ni ba zan ƙara magana ba.

Madam ta ce, "Kin tabbata?" Ta sake tambaya. Na ce ta zauna kawai. Doguwa ta tashi ta ba ni wuri.

Na yi shi. Ya ɗauke ni tun safe har la'asar, sau biyu ina fakewa da shan ruwa don hannun ya daina karkarwa. Da na shafe shi da mai ya yi kyau, matan shago har da tafi. Na dawo gida ina jin kamar in taka rawa a titi, na tarar da gidan shiru, Inna ta juya fuska bango wai kanta ke ciwo.

Washegari na kasa zama. Madam ta tafi, ba abin da zan yi sai jira, hannuna kuma yana neman aiki. Na hango Auta za ta shige ɗaki da mataji, na ce, "Zo nan, yau ni zan tsefe miki."

"Bar shi, Yaya, yanzu zan gama."

"Na ce ki zo ki zauna."

Ta zauna a tsakanin ƙafafuna, wuyanta a sandare. Na kama jelar na farko na sa kibiya, kibiya ta ƙi shiga. Na ajiye ta na bi layin da yatsun hagu, su da suke ji. Daga sama sakwa-sakwa ne, gashi a tashe, amma gindin a kame yake tam. An kama shi da kyau, sannan aka bi da tsinin kibiya aka zazzaro gashi don ya yi kama da aikin mara lafiya. Na kai ƙarshen jelar na ga an murɗe ta an tura bakin ciki. Ni ban taɓa rufe kitso haka ba. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke yi, a kaina na san shi tun ban san kaina ba.

Na ɗago. Inna tana zaune a kan tabarma, ta ɓoye hannayenta a cikin zani.

"Ni ce," ta ce. "Ki ƙyale yarinyar, ni na sa ta."

Sai Auta ce ta yi ta zuba tana kuka. Wai idan maganin rana ya kwantar da ni, sai ta dafa ruwa Inna ta tsoma yatsu har su saki, sannan ta durƙusa mata. Duk wanda ya warware Inna ta mayar da shi a kan tsagata mai karkata, ba ta gyara ko ɗaya. Da farko takan kama kaɗan ta bar saura su zube. Kowane sati sai ta ƙara kamawa, ta bar shi ya ƙara kwana, don kar in gane. Duk hawan da nake ta kallo a waya ina murna, Inna ce take auna mini shi.

Na ce, "Nawa fa? Nawa na gaskiya, kwana nawa yake yi?"

Auta ta share hanci. "Yanzu yana kai washegari, Yaya. Wani lokacin har yamma."

Washegari. Ashe ina matsowa, da ƙafata, daga rabin yini zuwa kwana guda, kuma ina da wata uku a hannu. Ko za su isa ko ba za su isa ba, Allah kaɗai ya sani, amma nawa ne, na ɗauka na zubar a gaban mutane. Na yi ihu a gidan nan har maƙwabta suka leƙo. Na ce abu ɗaya na roƙa a duniya, abin da ba zai yi mini ƙarya ba, shi ma sai da kuka sa masa baki. Na ce kun kashe ni. Me ya sa jiya ba ku tare ƙofa kun faɗa mini ba?

"Na buɗe baki na kasa," Inna ta ce. "Kin ce za ki bar magani. Na binne ubanku, ba zan binne ki saboda gashi ba." Ta zaro hannayen daga cikin zani don ta goge ido, sai na gan su. Gaɓoɓin sun kumbura sun yi suntum, babban yatsan ko lanƙwasuwa ba ya yi. Wata nawa tana cin abinci a gabana da hannayen nan ban duba ba, ina can ina duba waya. Haushinta nake ji kamar in mutu, tausayinta kuma ya hana ni numfashi, na rasa wanda zan bi a ciki.

Na kira Madam a waya ya fi a ƙirga. Da ta ɗauka sai ta ce tana cikin kasuwa ba ta ji sosai, sai ta dawo. Daga muryarta na gane kitson ya riga ya tashi. Kwanakin nan ban san yadda suka wuce ba. Na sha magani dai, saboda Inna takan zauna ta zuba mini ido har sai na haɗiye.

Ranar da Madam ta dawo na riga kowa zuwa, amma na tsaya a tsallaken titi har sai da shago ya buɗe. Madam ta ɗaura ɗankwali har gira. Ta ja ni can ciki wurin wankin kai, ta saki labule. Ban jira ta fara ba. Na faɗa mata komai, na Inna da na Auta, na ce kuskure aka yi, a mayar da ni kan alkawarin farko. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba, sai ga ni na durƙusa a kan siminti mai jiƙe ina riƙe da bakin zaninta. Na ce wata ukun nan kawai, Madam, ki dubi Allah, ki dubi tsohuwar nan.

Ta ɗago ni, idonta ya kawo ruwa. "Da tsakanina da ke ne, wallahi da an wuce wurin. Amma a gaban mutane kika yanka sharaɗi, yarinyar nan kuma a kansa ta sallami masu nemanta. In na janye, na ci amanarta." Sai ta ƙara da cewa, "Abin da nake da shi tsifa ce da wankin kai. Ba zai kai na da ba, ko kusa. Amma ba za ku kwana da yunwa ba."

Tsifa. Aikin da ake ba wadda ta zo koyo a satinta na farko. Na so in ce ta riƙe abinta. Sai na tuna kuɗin makarantar Auta, da maganina, da yatsun Inna da yanzu su ma suke neman likita.

Madam ta zauna a kujerar wanki ta kwance ɗankwalin. "Tun kwana na biyu yake haka," ta ce. "Ban bari kowa ya gani ba, ban bari kowa ya taɓa ba. Na ce ke za ki tsefe abinki."

Na tsaya a bayanta. Ba abin tsefewa ma sosai. Na sa yatsu kawai na bi, layukan suna buɗewa da kansu tun kafin in ja, ɗaya bayan ɗaya, aikin yini guda ya ƙare kafin ruwan wanki ya yi ɗumi. Na wanke mata kan, hagu tana cuɗawa, dama tana riƙe da bakin kwano. Ta ce gobe in zo da wuri, akwai mata uku da za a tsefe wa kafin Doguwa ta fara. Na ce to.

Gashin da ya zuba yana nan a ƙasa inda na durƙusa ɗazu. Na ɗaga labule na fito, kowa a shagon ya sami abin kallo a cinyarsa. Na duba bayan ƙofa, na duba ƙarƙashin tebur. Shekara ashirin a shagon nan ban san inda ake ajiye tsintsiya ba. Doguwa ce ta tashi daga bakin taga ta nuna mini.